Uwargida, Kin San Arahar Bayan Sallah?

A filinmu na yau ina so mu tattauna a kan wani abu da ya shafi aljihun kowane gida, watau sayayyar da ake yi bayan biki ya wuce. Zan ɗauki misalaina daga Jangeru ta ƙasar Shinkafi da garuruwan da take hulɗa da su, irin su Ƙauran Namoda da Zurmi, amma na tabbata uwargidan da ke Kano ko Katsina ma za ta ga gidanta a ciki.

A ƙasashen Turawa, musamman Ingila, akwai wata al'ada da ta daɗe. Kashegarin Kirsimeti, watau ranar 26 ga Disamba, manyan kantuna sukan karya farashin kayansu, su liƙa manyan takardu a jikin gilashi cewa an rage kashi kaza cikin ɗari. Mutane sukan yi sammako cikin tsananin sanyi su ja layi a bakin ƙofa tun ba a buɗe ba, rangwamen kuma ya ci gaba har cikin Janairu. Ba don tausayi masu kantunan ke yin haka ba. Sun cika shago da kayan biki, biki ya wuce, kuɗin haya bai tsaya ba, ga kuma sababbin kaya na tafe suna neman wurin ajiya. A nan Nijeriya ma ranar 26 ga Disamba ranar hutu ce, kuma wasu manyan kantunan Legas da Abuja da masu talla ta waya sun kwaikwayi wannan al'ada.

To, a Jangeru babu wanda zai liƙa miki takarda. Abin da muka fi gani a ƙarshen Disamba shi ne 'yan kasuwa mutanen kudu da ke zaune a Gusau da Ƙaura su rufe shagunansu su tafi gida biki. Mu namu bikin Sallah ne. Amma abin da ke sa Bature ya karya farashi bayan Kirsimeti, shi ne kuma yake matsa wa mai atamfa na kasuwar Shinkafi bayan an sauko daga Idi. Bambancin kawai, shi namu ba ya shela. Sai wadda ta je ta taya take sani.

Ki duba yadda abin yake. Ɗan kasuwar da ya je Kantin Kwari a Kano tun cikin Sha'aban ya ɗauko dilolin atamfa da shadda da leshi, sau da yawa ba da kuɗinsa kaɗai ya ɗauko ba. Wani kaso amana ce ta maigidansa na Kano, wanda zai soma bugo waya da zarar hidimar Sallah ta lafa. A goman ƙarshe na azumi, in kika taya masa kaya, ko kallonki ba zai yi ba, sai dai ya ce "albarka" ya juya ga na bayanki, domin ya san in ba ki saya ba wata za ta saya. Amma ki koma masa ranar Alhamis ta biyu bayan Sallah, ranar da kasuwar Shinkafi ke ci, ki same shi zaune yana korar ƙuda. Shi da kansa zai ce, "Hajiya, dawo mana, nawa kika saya?" Turmin nan bai canja ba, yadi shida ne jiya, yadi shida ne yau. Mutumin ne bukatarsa ta canja.

Wannan doka ce ta kasuwa tun ba yau ba: duk lokacin da kowa ya riƙe kuɗi a rana ɗaya, kuma kowa na son abu ɗaya, kaya sai su hau. Iyayenmu suna ba da labarin kuɗin Udoji na 1975, lokacin da aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi haɗe da ariya, aka ruga kantuna sayen rediyo da keke da babur, kafin a farga kayan masarufi sun yi tashin gwauron zabo. Kafin nan ma, tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, kamfanonin Turawa da ke sayen gyaɗa da auduga a wannan yanki sun san cewa da kaka manomi ke da kuɗi, don haka a lokacin suke baje yadi a gabansa. Ya karɓa da hannun dama ya mayar da na hagu.

Abin mamaki shi ne, mu mata duk mun san wannan, amma kaɗan ne daga cikinmu ke cin moriyarsa. Mafi yawanmu sai an shiga goman ƙarshe hankalinmu ke tashi. A matsa wa maigida, shi kuma ya je ya ci bashi ko ya fitar da buhun gero ya sayar, a sayi kaya da tsada, a kai wa tela a ƙurarren lokaci. Ran Sallah a yi ado a sha kallo, kwana uku a ninke a sa a akwati. Daga nan sai sallamar masu bin bashi a ƙofar gida. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Ni ban ce kada a yi wa yara ɗinkin Sallah ba, ko kusa. Yaro ya ga 'yan'uwansa cikin sababbin kaya shi yana cikin tsumma, wannan ciwo ne da uwa ba ta iya jurewa. Maganata a kan lokacin saye ne.

In kika ce wa wata ta jira bayan Sallah ta saya, amsar da za ta ba ki ita ce, "Haba, ni zan ɗaura kwantai?" A nan gizo ke saƙa. A ganinta duk abin da ya kwana a shago har Sallah ta wuce, to, zaɓaɓɓun sun tafi, saura ne aka bari, kuma in ta ɗaura shi baɗi matan unguwa za su gane zanen bara ne, an daina yayinsa. Akwai gaskiya kaɗan a ciki. Leshi da mayafai da wasu atamfofi masu zanen yayi ba sa daɗewa, bana a yi ta rububinsu, baɗi ko kyauta ba a so. Amma ki buɗe akwatin innarki ki gani. Atamfa 'yar Holan ta asali, irin ta kamfanin Vlisco, akwai zanukanta da ake bugawa shekara da shekaru, kaka ta ɗaura, jika ta ɗaura, ba wanda ya taɓa ce musu kwantai. Farar shadda ko ruwan toka ta maigida da yara maza ba ta da bara ba ta da bana. Haka yadin hijabi, da yadin kayan makaranta, da zanen gado, da kwanukan samira da kuloli. Duk waɗannan in kin saye su bayan Sallah kin ajiye, ran da kika fito da su sababbi ne fil.

Akwai kuma wadda ta zarce ta ɗaya gefen. Ita da zarar ta ji an ce abu ya yi araha sai jikinta ya soma rawa, ko tana bukata ko ba ta bukata. Ta kwaso takalma ƙafa huɗu don an rage mata, alhali ko ɗaya babu wanda ya yi wa 'yarta daidai. Irin takalman nan da jakunkuna na roba mai kama da fata kuwa ba sa son ajiya. Zafin bazara ɗaya ya ishe su, ki buɗe akwati ki tarar sun ɓare kamar ɓawon albasa. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Wani lokaci ma arahar ta baki ce kawai. A Ingila akwai wata ƙungiyar kare haƙƙin masu saye da ake kira Which?, ta sha bin diddigin farashin kayan da ake tallatawa a ranar babban rangwame ta ƙarshen Nuwamba, ta tarar mafi yawansu ana samunsu a wannan kuɗi ko ƙasa da haka a wasu lokutan shekara. A nan gida ma, a watan Fabrairu na 2024 hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye ta rufe wani babban kanti a Abuja na ɗan lokaci, saboda kuɗin da ke rubuce a kan kanta ya saɓa da wanda ake karɓa wajen biya. In Bature mai rubuta farashi a takarda yana yin haka, ina ga inda farashi a baki yake? Wanda ya ce miki "da dubu 30 ne, na bar miki 25", ba ki da hanyar gane gaskiyarsa sai in kin san nawa aka sayar kafin azumi. Saboda haka tun cikin Rajab ki riƙa tambaya kina riƙewa, ko ki sa 'yarki ta rubuta a bayan littafinta.

Sa'an nan ki sani Sallolin biyu ba ɗaya ba ne. Tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba kimanin kwana 70 ne. Alal misali, a 2025 an yi Ƙarama ranar 30 ga Maris, Babba kuma ranar 6 ga Yuni. Mai atamfa ya san wannan lissafi sarai, ya kuma san cewa da an sha ruwa ake buɗe ɗaurin aure, masu haɗa lefe na nan tafe. Don haka bayan Ƙaramar Sallah zai rage miki, amma ba zai karye ba. Bayan Babbar Sallah ne kasuwar tufafi ke yin sanyi sosai, daga nan har zuwa Mauludi, wajen wata uku, in ban da 'yan tsarabar alhazai babu wani abin da ke motsa ta. Ga shi kuma Sallah na matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, har a 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗawa a bakin damina, lokacin da kuɗin kowane magidanci ya tafi ga taki da iri da 'yan ƙwadago. A wannan tsakanin ne za ki taya a sallama miki.

Amma fa a nan ne ya kamata mu yi hattara ƙwarai, domin lokacin da tufafi suka fi araha shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa. A ƙasar Shinkafi da Zurmi, inda 'yan bindiga suka hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na nesa, hatsin da ke cikin gida ba abin wasa ba ne. Kada wata ta ji na ce atamfa ta sauko ta je ta ɗebi tiya goma ta gero ta sayar. Geron da kika sayar a watan Yuni, in ya ƙare miki a Agusta, da kuka za ki saye shi. Arahar bayan Sallah ta mai kuɗi a hannu ce, kuɗin da ba na tuwo ba.

To ina za a sami kuɗin, tun da Sallah ta riga ta kwashe komai? Wannan ita ce tambayar, kuma amsarta na hannun uwar adashi. Kusan kowace mace na roƙon a ba ta kwasarta ta faɗo kafin Sallah, har faɗa ake yi a kai. Ke ki nemi taki ta faɗo mako biyu bayan Babbar Sallah. Ba wadda za ta yi takara da ke a kan wannan layi, uwar adashi ma godiya za ta yi miki. Shekarar farko ita ce mai wuya, domin dole a taƙaita, a yi wa yara kala ɗaya maimakon biyu, ke kuma ki haƙura da na akwati. Amma daga shekara ta biyu kin riga kin wuce gaban kasuwa: kayan Sallarki na ajiye tun bara, kuɗin da ya shigo cikin azumi kuma ya tafi ga sukari da gero da mai.

Wata za ta ce ai gara ta ajiye kuɗin a asusu har Sallah ta zo. Da can wannan dabara ce mai kyau. Amma mun ga abin da ya faru bayan an janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kuma tun da masaƙun Kaduna da Kano da ta Gusau suka durƙushe, mafi yawan atamfar da muke ɗaurawa daga Sin ake shigo da ita, da dala. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Wadda ta ajiye turmi a wannan tsakanin ta fi wadda ta ajiye takardar kuɗi. Ba mu manta kuma da wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 ba, da matan ƙauye suka fasa asusu suka rasa inda za su kai abin da ke ciki. Duk da haka ban ce kaya kullum hawa suke yi ba. A 2025 hatsi ya sauko, waɗanda suka ɓoye don jiran tsada suka ji a jikinsu. Ki sayi abin da gidanki zai yi amfani da shi, kada ki mai da ɗakinki sito.

Maganar tela ma ta shiga nan, kuma ni a ganina ribar da ke wajensa ta fi ta wajen mai atamfa. Cikin azumi tela sarki ne. Ya ƙara kuɗi, ya karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfinsa, ya raba wa yaran shago, daren Sallah ki aika a ce bai gama ba, ko a kawo miki riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Bayan Sallah kuwa keken ɗinki na hutawa, shi da kansa zai zauna ya yanka ya ɗinka miki a natse. Naki da na maigida ki ba da su a lokacin. Na yara kam ki bar yadin yadda yake, kada a yanka, domin yaro kamar dawa yake da damina, kafin ki juya ya ƙara taƙi. Sai Rajab ko farkon Sha'aban a auna shi a kai.

Kada kuma mu manta, mu ma masu sayarwa ne. Mata nawa ne a Jangeru ke turke rago a bayan ɗaki wata shida suna ba shi dusa da harawa da ƙaiƙayi don Babbar Sallah? Abin da ke faranta ran mai saye, shi ke sa mai turka kuka. A mazhabarmu ta Malikiyya ana yin layya ranar Sallah da kwana biyu bayanta, don haka wasu magidanta masu ƙaramin ƙarfi sukan jira rana ta biyu, lokacin da dillalai ba sa son komawa gida da dabba, su sami rago da sauƙi. Ke mai turka, in an yi miki tayi mai kyau saura mako ɗaya, ki sallama. Kwaɗayin ƙarin dubu biyar ya sa mata da yawa sun wayi gari da rago a turke Sallah ta wuce, ga ci ga rashin mai saye. In kuma sabon kiwo za ki fara, bayan Sallah ne lokacin sayen ɗan tunkiya, in dai kina da inda za ki tsare shi.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku. Bayan azumi akan sami ragowar madarar gwangwani da lemun kwali da taliya da biskit da man shafawa ana karyar da su. Wasu lafiyarsu lau, wasu kuma kwanansu ya ƙare ko ya kusa. Innarki wataƙila ba ta karanta boko, ke kina karantawa. Ki juya gwangwanin ki duba kwanan watan da aka buga na ƙarewar amfaninsa, ki duba ko akwai lambar hukumar NAFDAC. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa, ko kyauta aka ba ku kada ku kai gida. Haka in an aike ki sayen atamfa mai araha, ki sa a warware miki turmin duka. Wanda ya daɗe a rataye rana takan ci gefen ninkinsa ya koɗe, ba a gani sai an buɗe. Ki kuma sa a auna a gabanki, don akan sami turmin da bai cika yadi shida ba.

Saura matan da ba sa fita, waɗanda dillaliya ke kawo wa kaya har ɗaki. Dillaliya 'yar'uwarmu ce, neman halalinta take yi, kuma tana yi mana rana, musamman da take yarda a biya ta kaɗan-kaɗan. Sai dai ita arahar bayan Sallah ba kasafai take ƙetare zaure ta shigo cikin gida ba. In kasuwa ta sauko, dillaliya ta sani, ke ba ki sani ba. Ba sai an yi faɗa ba. Ki tambayi maigida ko ƙaninki da ya ci kasuwar Alhamis nawa ake sayar da irin wannan, sa'an nan ki ce mata, "Iya, na ji an ce kaya sun sauko, a duba mini." In kuɗi a hannu za ki biya, ki faɗa mata tun farko, domin farashin bashi daban, na hannu daban.

Wasu kuma sukan ce gara a haɗa kuɗi a tafi Gusau ko Kano a saro da araha. Kafin a yi haka a zauna a yi lissafin kuɗin mota zuwa da dawowa, da na abinci, da na dako. In turmi biyu ko uku ne, ragin da za a samu duk ya tafi a hanya. Ga kuma halin da hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi suka shiga a shekarun nan, wanda ba sai na faɗa wa mutanen yankin ba. Sun ga watan Satumba na 2021, da gwamnatin Zamfara ta dakatar da kasuwannin mako aka kuma katse layukan waya saboda matsalar tsaro, suka san yadda kasuwa ke iya rufewa dare ɗaya. In dole sai an saro daga Kano, mata biyar ko goma su haɗa kuɗinsu su ba amintaccen ɗan kasuwar da dama zai je, a ba shi ladansa, kowace ta faɗi launin da take so.

In kayan sun iso hannunki, saura ajiya. Ki sa su a akwatin ƙarfe ko babbar roba mai murfi, ki ɗora a kan bulo ko benci, kada ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bangon laka, saboda gara da danshin damina. Ki jefa ƙwayar kafur biyu ko uku a ƙulle cikin tsumma, ki kuma nisanta shi daga yara ƙanana, don sukan ɗauka alewa ce. In ruwa ya ɗauke, wajen watan Oktoba, ki fito da su ki shanya a inuwa yini ɗaya, ki sake ninkewa ta wani gefen don kada layin ninki ya zauna a jikin shadda.